Mahauci da Hoton Cikinsa

Masu karatu, ku gafarce ni, ban saba rubutu ba. Abin ne ya tsaya mini a rai.

Shekara biyu Mahamudu mahauci na unguwar Kaladan yana fama da ciwon ciki mai ratsawa har baya. Da ciwon ya hana shi ɗaga gatari, matarsa Samiratu ta tasa shi gaba a yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, zuwa asibiti, aka ɗauki hoton cikinsa.

Likita ta nuna masa wata 'yar gaɓa a bayan tumbi. "Baba, wannan ce fankiriyas. Ita ke ba da ruwan narkar da abinci, ita ke daidaita sukarin jini. Ta daɗe tana kumburi, amma a hoto ɓarnar ba ta yi yawa ba."

"Alhamdu lillahi! Samiratu, tashi mu tafi."

"Dakata, Baba. Hoto siffa yake nunawa, ba ya faɗin ko tana aiki. Ka kawo bayan gida a wannan kwalba, a kuma gwada jininka."

Mahamudu ya kalli kwalbar. Rabin masu sayen namansa ta ƙofar asibitin nan suke wucewa. A ga mahauci riƙe da wannan abu, wa zai sake cin namansa?

Ya ɗaga hoton sama kamar yadda yake duba hanta a mayanka. "Dokta, shekara talatin ina feɗe shanu. Da ido nake gane kayan ciki mai cuta. Wannan lafiyarta lau." Ya bar kwalbar a kan tebur.

Hoton ya zama abin nunawa a kasuwa. Duk wanda ya ce ya rame, sai ya zaro shi daga ƙarƙashin teburin nama.

Amma yana cin tuwo malmala uku, wando na zamewa. Bayan gidansa ya koma mai maiƙo da wari. Ruwan fiyawata kuwa, sai ya sha leda goma kafin azahar.

"Maigida, mu koma," in ji Samiratu. "Ƙashi kawai ya rage maka."

Fuseini, maƙwabcinsa a rumfa, ya ce, "Kai, Mahamudu, naman da kake sayarwa ya fi ka ƙiba! Je ka a duba ka."

"Ku kun fi injin Turawa gani ne?"

Ana jajiberin Babbar Salla, rumfa cike da masu saye, idonsa ya yi duhu. Wuƙa ta suɓuce ta yanke shi a ƙafa. Ya ɗaure da tsumma, ya ci gaba da sara. Sati uku ciwon bai kame ba, yatsun ƙafar suka yi baƙi, zazzaɓi ya kwantar da shi.

A asibiti aka tarar sukarinsa ya wuce misali. Samiratu ta miƙa wa likitar hoton. "Amma an ce ɓarnar kaɗan ce, Dokta."

"A hoto, Mama. Fankiriyas ɗin ta daɗe da gazawa, sukarin ne ya hana ciwon ƙafar warkewa. Da an yi gwajin, da tuni yana kan magani."

Ranar Laraba aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Jama'a, hoto mai kyau ba shaidar lafiya ba ne. In likita ya nemi ƙarin gwaji, a yi shi, kada kunya ko sanin-kai su hana.