Amfilifaya Mai Yagaggen Ƙyalle

Jikke ta kwance agogon da aka ɗaura mata, wanda ke nuna wa mutanen gida duk inda ta sa ƙafa, ta cusa shi ƙarƙashin matashin kai. Ta goya jitarta ta lantarki, ta jawo keken cefane daga bayan ƙofar kicin, ta sulale ta lambu. Douwe, maigidan, yana wurin aiki. Matarsa Wietske tana bene tana taro ta kwamfuta.

An hana Jikke shiga gari ita kaɗai tun da ta faɗi daga kan keke ta kwanta asibiti. Da ta dawo sai ta tarar an sa wa keken kwaɗo, amfilifayarta kuwa, akwatin da ke ƙara wa jita murya, Douwe ya sayar. Shi ya ce maƙwabta sun gaji, Wietske ta ce duk don amfaninta ake yi. Katin bankinta ma yana hannunsu, ranar Asabar a miƙo mata ɗan abin kashewa. Shi ta riƙa tarawa a cikin safa tun lokacin zafi.

Sun kuma ja mata kunne. In ta sake kawo hayaniya gidan, za a kai ta inda aka kai ƙawarta Tjitske mai kaɗa ganga, wani gidan kula da mutane can gefen garin Drachten, wurin da kowa ke kwanciya lokaci ɗaya kuma ba a ganin mutum sai ranar ziyara. Tjitske ta daina buga ko da tebur da yatsa. Jikke ta gani da idonta.

Bas ta sauke ta a tsakiyar Leeuwarden ana yayyafi. Shagon Auke na tsofaffin kayan kiɗa yana wani lungu bayan kasuwar cuku. Ya dube ta, ya dubi jitar, ya tambaya ko wani za ta yi wa kyauta. Ta ce ita za ta kaɗa. Ta zazzage safar a kan teburinsa, ya duba, ya ce ba laifi, akwai daidai ita.

Ya ɗauko wata 'yar ƙaramar amfilifaya sabuwa fil, ba ta fi kwalin takalmi ba. Ba nauyi, ba tsada, har da ramin da ake jona abin sawa a kunne, yadda ko wanda ke ɗaki ɗaya da ita ba zai ji komai ba. Ya ce irinta ake saya a zauna lafiya da gida.

"Ni so nake a ji," in ji Jikke.

Ta wuce shi zuwa ƙuryar shago, inda wata baƙar amfilifaya ke jingine da bango, ƙyallen fuskarta a yage, samanta duk tabon taba. Irin tata ta da ce, mai kwalaben gilashi a ciki, waɗanda sai sun yi zafi take magana. Jikke ta jona, ta jira. Yatsunta sun ƙage, ta hura musu iska, sannan ta danna waya uku ta ja. Tagar shagon ta yi kakarkar. Wani mai wucewa da kare ya tsaya cak.

Auke ya ce wannan ta fi ƙarfin safarta. Ba ta yi masa gardama ba. Ta dai murɗa maɓallin ƙara a hankali har ya ji ƙaf-ƙaf ɗin da yake yi, ta sa shi ya kasa kunne ga gurnanin da ba ya yankewa, ta nuna masa hannun ɗauka da aka ɗaure da waya. Ta tambaye shi tun yaushe take nan tana shan ƙura. Ya sosa gemu ya rage kuɗin. Ta ɗora kuɗin bas ɗin komawa a kai, ya yi dariya ya sallama.

Yana taya ta ɗaure kayan a keken cefane ya ce, "Gida sun san kin zo nan kuwa?"

"Yanzu za su sani."

A ƙasa ta koma, tana ja tana hutawa, tayar keken na kuka a kan duwatsun titi. Mutum biyu suka ce su kama mata, ta ƙi. Ta san abin da ke jiran ta: Douwe zai tsaya da hannu a aljihu yana magana a hankali, Wietske za ta yi hawaye, a ƙarshe a ɗauko zancen Drachten. Ta yanke shawara tun a kan gada cewa in kai ta za a yi, to da amfilifaya za ta tafi, ta ajiye ta a ɗakin Tjitske.

Motar Douwe tana ƙofar gida. Ta bi ta lambu, ta tura kayan ɗakinta na ƙasa, ta buɗe taga har ƙarshe. Kwalaben suka yi ja. Ta gyara tsayuwa ta saki kiɗa, kofin da ke kan tebur ya fara tafiya da kansa.

Sawu ya sauko daga bene da gudu. Ƙofa ta buɗe, Wietske ta tsaya cike da mamaki, domin wayarta mai bin sawun agogon nan har yanzu cewa take Jikke tana kan gado. Douwe yana bayanta, fuska ja.

"Mun yi magana da ke! Me kike so mutane su ce?" in ji Wietske.

Jikke ta dubi Wietske, 'yar da ta haifa shekara hamsin da suka wuce, ta zare na'urar ji daga kunnenta ta ajiye kusa da haƙoranta na roba, ta murɗa maɓallin har ya ƙure.