Tsohon Direba da Motocin Gwangwani

Tunda ka ce surutun mutane ya sa kana neman barin abin da ranka ke so, gyara zama in ba ka labarin wani tsohon direban babbar mota. Mutumin nan a kan titi ya ci ƙuruciyarsa, a kan titi furfura ta same shi, yau yana Nguru da lodin gyaɗa, gobe ya nufi Ikko da shanu, har ranar da hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya zama ba shi da aiki sai sauraron ƙugin motoci daga nesa. Wata rana idonsa ya faɗa kan wani gwangwanin madara da aka yar. Ya jawo shi, ya danne da ƙafa, ya yanka da almakashi da hannunsa mai lafiya. Abin da ya fito bai yi kama da komai ba, na biyu ma haka, yatsunsa duk suka sha yanka. Amma kafin damina ta fita ya ƙera 'yar motar kaya, roka mai bodin katako, irin wadda ya fara tuƙawa, tayoyinta na tsohon silifa, ƙofarta tana buɗewa, har da kirarin da ke rubuce a bayanta. Daga ita sai tanka, sai tirela, sai a-kori-kura, ya jera su a kan kanta, kowacce ya san hanyar da ya bi da babbarta da ramin da ya taɓa karya mata sifirin. Shanyayyen hannun nan da yake ɗorawa a kan langa-langa don ya danne, a hankali ya fara ɗan riƙewa. Su kuwa mutanen unguwa abin dariya suka samu. Sa'o'insa da ke kiwon tumaki a ƙofar gida suka ce ciwon ya taɓa masa kai, ina dattijo mai jikoki ina wasan yara? Maganar ta yi wa 'ya'yansa zafi. Ranar da aka kai shi asibiti ganin likita, suka kwashe motocin kaf suka ba 'yan jari-bola, suka ɗaure masa raguna biyu a madadinsu, wai ga abin da ya dace da girmansa.

Ya dawo ya tarar da kantar motocin fayau. Ya zauna yana kallon raguna suna tuƙa, su ma suna kallonsa. Ya daina cin abincin kirki, hira ta ɗauke, hannun da ya fara motsi ya koma ya sandare kamar busasshen reshe. Matarsa ce ta ga in aka ci gaba a haka gawa za a ɗauka, sai ta raɗa masa inda aka kai kayan. Da rana tsaka ya ɗauki sandarsa ya fita yana jan ƙafa, yana tafiya yana hutawa a gindin bango, har bayan gari inda ake tara ƙarafa. Ya durƙusa a cikin tsatsa da fasassun kwalabe yana tono da hannu ɗaya. Wasu motocin an riga an take su sun zama faifai, wasu ba a gan su ba sam, rokar nan kuwa ya same ta kai a lotse, babu taya ko ɗaya. Ya zuba abin da ya samu a buhu ya jawo shi gida. Bai koma cikin zaure ba. A kan dakalin ƙofar gida ya zazzage buhun, inda duk mai wucewa zai gani, ya ɗauko 'yar gudumarsa. Babban ɗansa ya zo ya rusuna ya ce, "Baba, don Allah ka rufa mana asiri, mutane na kallo." Tsohon bai ko ɗaga kai ba, ya ce, "Su kalla. Da na tuƙa manya ban nemi izinin kowa ba, ba kuwa zan nema a kan ƙanana ba. Ragunanku ku kwance ku kai wa mai so." Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana buɗe lotsewa, yana liƙe tsaga da dalma, yana kankare tsatsa yana shafa fenti. Wadda tabonta ya ƙi ɓoyuwa ya bar ta da shi, ya ce ai babu motar da ta san hanya da ba ta da tabo. Masu dariya ba su daina ba, shi ma bai tashi daga dakalin ba, har suka gaji suka koma yi masa sallama kawai su wuce. Hannun bai warke duka ba, amma ya kai yana riƙe filaya da shi, tuwo ya koma shiga, muryarsa ta dawo har ana jin ta daga bakin layi. Ragunan kuma maƙwabcin da aka kai wa ya ji daɗinsu, suka yi ƙiba a hannunsa har da ƙyar suke tashi.

To ka ji. Da ma Hausawa sun ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.