Inda Sarkin Ruwa Ya Kafa Gora

Ka ce lissafin nan na haɗa tsohon sani da sabon labari ya ƙi shiga kanka. To, saurara.

Wani manomi ya faɗa kogi daga kwalekwale ranar kasuwa. Kwana biyu ba a ga gawarsa ba, matarsa na zaune a gaɓa ta ƙi tashi. Aka kira sarkin ruwa, tsohon da ya shekara arba'in yana tsamo mutane. Ya san galibi daidai wata giginya kogin nan yake ajiye wanda ya ci, ko gaba kaɗan ko baya kaɗan, don haka ya kafa gorarsa a nan, alamar inda zai nutsa. Amma bai shiga ba, ya ce a kira masa waɗanda suka gani. Wani makiyayi ya ce can ƙasa da nisa ya hango hannu ya ɗago. Tsoho ya ce, "Daga ina ka hango?" Ya ce, "Daga kan tudu, baba, rana na dukan idona." Tsoho ya matsar da gorar taku biyar kacal. Sai wata mai wanki ta ce ita a bakin ruwa take, ta ga hular mutumin tana juyi wuri ɗaya kusa da wani dutse. Tsoho ya tumɓuke gorar ya nufi dutsen, ya yi tafiya mai tsawo, amma kafin ya kai ya tsaya ya kafa ta.

Wurin nan babu wanda ya ambace shi. Samari sun riga sun nutsa a gindin giginya da gefen dutse, sun fito hannu wofi. A nan kuwa ruwan ya kwanta luf, ko kifi ba ya motsi, tsuntsaye sun yi tsit. Tsoho ya yi bisimilla ya nutsa. Ya tarar da mutumin a tsaye cikin ruwa, saiwa ta riƙe masa ƙafa, idanunsa a buɗe, fuskarsa na kallon gari. Sai da ya rufe masa ido kafin ya fito da shi, don kada matar ta gani.

Ka ga bai yar da abin da ya sani ba, bai kuma toshe kunne ba. Kowace shaida ta ja shi gwargwadon ƙarfinta, wurin nema yana ƙara ƙanƙancewa. Shi ya sa ake cewa matambayi ba ya ɓata.