Waƙar da Na Je Zance da Ita

'Yata ta tsayar da waƙar daidai inda jita ke kuka, ni kuma na lumshe ido ina kaɗa ludayi a kan cikina kamar jita.

"Baba, ka san abin da mutumin nan yake faɗa kuwa?"

Ni za a tambaya? Shekara ashirin da bakwai ina rera ta. Da kaset ɗinta na je zance wurin uwarta, ina bin Baturen mawaƙin da Turancin da na ƙera da kaina. Ganga kamar bugun zuciya, murya kamar ta wanda ƙofa ta datse wa yatsa. A wurina, babu waƙar soyayya da ta kai ta.

Yarinyar ta karanto fassarar daga waya. Ashe bawan Allah sallamar matarsa yake yi, har da cewa ta ajiye masa makulli.

Na juya wajen mai ɗakina, malamar Turanci, tana guga abinta.

"Kin sani?"

"Tun ranar farko."

"Kuma kika aure ni?"

Ta juya rigar. "Baban yara, mijin da zai sake ni kullum da safe, sannan ya tambaye ni ina na sa masa hula, ina zan samu irinsa?"