Kan Baba, Hannun Baffa

Wautata ba ta tsufa ba ce, da ita aka haife ni. Ina yaro na yarda mai hoto yana iya dawo da mamaci.

Baba ya rasu ban san fuskarsa ba, yaran unguwarmu a Garwa kuma suna ta tsokanata wai ban taɓa yin uba ba. Ƙaninsa, Baffa Hamadu, lebura ne a garin Figil, amma hoto ya shiga ransa. Wata la'asar da ya zo gidanmu ya ce, "Zo nan, ja'iri, yau za ka tsaya da ubanka."

Ya ɗauko hoton da muka yi ni da shi, ya sa reza ya cire nasa kan. Ya yanko na Baba daga tsohon katin shaida, ya manna da ƙaro, ya bi gefen da fensir.

Na ƙura ido, kaina ya ɗaure. Fuskar baƙuwa ce, amma hannun da ke kafaɗata, mai guntun yatsa, na san shi sarai.

"Baffa, ai hannunka ne!"

Abin da ya ce, ga ni da furfura ban samo amsarsa ba: "To, malam mai ido, wanne zan cire, kan ko hannun?"