Haƙori Daga Kogo

"Kin ɓata mana haƙorin!" in ji Farfesa, shugaban ɗakin gwaji, ya dangwarar da takarda a gaban ma'aikaciyarsa.

Shekara biyu ke nan tana tatsar ƙwayoyin gado daga haƙorin wata 'yar Niyandatal, mutanen kogon da suka ƙare tun shekaru dubu arba'in. Dokar ɗakin ce kowane ma'aikaci ya ba da yawunsa a ajiye, don a gane shi idan ya gurɓata aiki. Yau kwamfuta ta ce wani yanki na gadon haƙorin irin nata ne sak.

"Wallahi, Farfesa, safar hannu biyu nake sawa. Ko tari ban taɓa yi a ciki ba."

"To aljani ne ya tofa?"

Ta jawo kujera, ta buɗe yankin a kwamfuta. Sai ta ga bakin yankin duk a cinye, kamar tsohuwar tabarma. Sabon yawu ba ya haka, tsufa ne kaɗai ke wannan ɓarna.

Ta miƙe zumbur har kujerar ta kife.

"Farfesa, zo ka gani! Tsoho ne! Ba nawa ne ya shiga haƙorin ba, na mai haƙorin ne a jikina!"

Farfesa ya cire tabarau, ya mayar, ya ƙura wa kwamfutar ido. Ita kuwa ta ruga gaban akwatin gilashin, ta rusuna wa ɗan haƙorin, tana dariya tana share hawaye.

"Ina wuni, Kaka? Ashe kin bar baya."