Kawu Mai Kifi

"Umma, don me Kaka ke kiran mai kifi kawu? Shi fa ba Balarabe ba ne, dubi hancinsa!"

Mutumin na tsaye bakin ƙofa, kuma ya ji. Uwar ta hango raini na neman yin saiwa a zuciyar 'yarta, ta durƙusa gabanta.

"Ke, iya bakinki! Kakannin nan da kike rera sunayensu, maza zalla suka sauko nan tsibirin Jawa daga jirgin ruwan Hadramaut ta ƙasar Larabawa. To, wa ya haife mu?"

Yarinyar ta ce, "Matan Jawa?"

"Wannan ɗan'uwansu ne. Maza gaida kawunki."

Kai mai ƙirga iyaye maza, kul ka raina mutanen gari. A bayan 'yan'uwansu mata aka goya asalinka.